Gizo-gizon Madagaska Mai Ƙetare Kogi da Zare

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau za mu yi nisan zango. Za mu bar gaɓar gabashin Afirka, mu tsallaka ruwa, mu sauka a tsibirin Madagaska, domin mu ji labarin wani gizo-gizo da ba a san shi a ko'ina a doron ƙasa ba sai can. Ba Gizon tatsuniya ba ne mijin Ƙoƙi. Wannan na zahiri ne, mai ƙafa takwas, kuma aikinsa ba ya bukatar a yi masa ƙarin gishiri. Yakan miƙa zare daga wannan gaɓar kogi zuwa waccan, tsawon da kan kai mita 25, sannan ya rataya saƙarsa a saman tsakiyar ruwa. Da masana suka gwada zaren nasa, sai suka tarar cewa a duk zaren gizo-gizo da aka taɓa aunawa kafin nan, babu wanda ya kama ƙafarsa wajen juriya.

Bari mu fara da ƙasar tukuna. Madagaska tana cikin Tekun Indiya, tsakaninta da Mozambik akwai ruwa mai faɗin kilomita 400 ko fiye. Ita ce ta huɗu a girma cikin tsibiran duniya, babban birninta Antananarivo. Faransa ce ta yi mata mulkin mallaka, ta kuma sami 'yancin kai a 1960, shekarar da Nijeriya da Nijar suka samu nasu. Masana ilimin ƙasa sun ce ta rabu da Afirka kimanin shekaru miliyan 160 da suka shuɗe, daga baya ta rabu da Indiya kimanin shekaru miliyan 88. Wannan dogon zaman kaɗaici a tsakiyar teku shi ya sa akasarin tsirrai da dabbobinta nata ne ita kaɗai. Ku ɗauki kuka, wadda muka sani farin sani. Iri takwas ce a duniya, kuma shida daga ciki a Madagaska kawai suke fitowa. Kusan rabin nau'o'in hawainiya na duniya a can suke. Haka dabbobin nan dangin biri da ake kira lemur.

Gabashin tsibirin tuddai ne masu fuskantar teku. Iska tana ɗauko danshi daga ruwa ta zube shi a kansu, don haka daji ne mai duhu, ruwan sama kusan kullum, rafuka da koguna suna gangarowa ta ko'ina. A nan gizo-gizon namu yake zaune, kuma a gandun daji biyu aka fi yin nazarinsa: Andasibe-Mantadia, da ke gabas da babban birni, da kuma Ranomafana, can kudu, inda kogin Namorona ya ratsa.

Sai a shekarar 2010 aka shigar da shi littafin kimiyya. Masana biyu ne suka yi bayaninsa, Matjaž Kuntner ɗan ƙasar Sloveniya da Ingi Agnarsson ɗan ƙasar Ayislan. Suka raɗa masa suna Caerostris darwini, don tunawa da Charles Darwin, masanin halittu ɗan Ingila, domin sun shirya aikin nasu shekara guda kafin nan, daidai da cikar shekaru 150 da fitowar shahararren littafinsa na 1859. Danginsa ana kiransu gizo-gizon ɓawon itace, saboda launinsu da gurzajjen bayansu sun yi kama da ɓawon bishiya, idan suka lafe a jikin reshe sai mai kaifin ido. Mu a wannan shiri za mu riƙa ce masa gizon Darwin don sauƙi.

Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan shekara, 2010. Ba a cikin rami yake ɓoye ba, ba a ƙarƙashin teku ba. Saƙarsa tana rataye a sarari, a saman kogi, a gandun dajin da baƙi ke ziyarta daga ƙasashe daban-daban. Ba shakka manoman yankin da masu yi wa baƙi jagora sun daɗe suna ganinta. Amma ba wanda ya tsaya ya auna, ya rubuta, ya bambanta shi da 'yan uwansa, sai shekarun nan. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai a duk labarin.

To, yaya ƙwaron da ba ya tashi, ba ya iyo, yake kai zare ƙetaren kogi?

Macen ce ke wannan babban aiki, don haka daga nan da ita za mu yi magana. Jikinta, ban da ƙafafu, kimanin santimita biyu ne, baƙa ce mai ɗigon farin gashi a ciki da ƙafafu. Takan hau can ƙarshen reshen da ya leƙa kan ruwa, ta tsaya, ta ɗaga bayanta sama. A ƙarshen cikinta akwai 'yan kafofin da zare ke fitowa. Sai ta fara sakin zare mai yawa, siriri ƙwarai, marar nauyi. Kun san bakin kogi ba ya rabuwa da iska. Iskar nan ce ke ɗaukar zaren, tana jan sa, ita kuma tana ƙara saki, yana tsawo, yana lilo a saman ruwa, har bakinsa ya sarƙe a ganye ko reshe a ɗaya gaɓar. Tana jin ya kama, sai ta jawo shi da ƙafafunta ta ɗame shi, ta manne nata gefen a reshe. Daga nan ta hau kai, ta kama tafiya a rataye, ruwa na gudu a ƙarƙashinta, tana tafe tana shimfiɗa sabon zare a kan na farko. Ta je ta dawo, ta ƙara, har layin ya yi kaurin da zai ɗauki nauyin abin da za ta rataya masa. Wannan ita ce gadarta.

Sauran gizo-gizai masu kewayayyar saƙa su ma da gada suke farawa, amma tasu gajera ce, tsakanin reshe da reshe, kuma sukan ɓata lokaci suna kai da kawo suna binciken wurin kafin su fara. Ita wannan ba ta da wannan dama, domin ƙarƙashinta ruwa ne. Saboda haka sai ta gina saƙar gaba ɗaya a ƙasan gadar. Ta sauko da zare daga tsakiya ta kafa ƙasan, ta tsai da cibiya, ta miƙa zaruruwa daga cibiyar zuwa gefe ta kowace fuska. Waɗannan ba su da danƙo, a kansu take takawa. Sannan ta yi kewayen wucin gadi daga ciki zuwa waje don ya riƙe mata aikin. Daga ƙarshe ta juyo daga waje zuwa ciki, tana ɗora zaren farauta mai ɗigon danƙo, layi bayan layi, tana cire na wucin gadin. Faɗin saƙar da ta kammala kan kai murabba'in mita 2.8, kuma a cikin saƙa irin wannan mai kewaye ba a san wadda ta fi ta girma ba.

Ga wata dabara kuma. Wurin farautar, wato kewayen mai danƙo, yana lalacewa da sauri, don haka tana sabunta shi kusan kullum. Amma gadar ba ta wasa da ita. Tana gyara ta, tana ƙara mata ƙarfi, ta yi makonni tana amfani da ita, domin samun iskar da za ta kai zare ƙetare ba kullum ba ne.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan gizon Darwin na tsibirin Madagaska.

Me ya kai ta wannan wahala, ga daji cike da rassa? Abinci. Sararin da ke saman kogi hanya ce ta ƙwari masu tashi, kuma babu wani gizo-gizon da ke iya kafa tarko a can, don haka ba ta da abokin takara. Akwai wasu ƙananan ƙwari da ke girma a cikin ruwa, idan lokacinsu ya yi su taso gaba ɗaya, su yi kwana ɗaya ko biyu su mutu. An taɓa ƙirga guda 32 daga cikinsu a saƙa ɗaya a lokaci guda. Akwai kuma manyan nan masu dogon jiki da fukafukai huɗu masu sheƙi, waɗanda ke shawagi a kan ruwa da gudun tsiya. Da masana suka ga girman saƙar, sun yi zaton ko tana kama tsuntsaye ko jemagu. Suka zauna suka sa ido, ba su ga haka ba. Yawancin abin da take ci ƙananan ƙwari ne, manyan jifa-jifa. Suka rubuta abin da suka gani, ba abin da suka so gani ba, kuma wannan hali ne da ya kamata duk mai neman ilimi ya riƙe.

Yanzu mu zo kan zaren. A cikin cikin gizo-gizo mai irin wannan saƙa akwai 'yan jakunkuna har iri bakwai, kowanne da irin zaren da yake samarwa: na gini daban, na farauta daban, na naɗe abin da aka kama daban, na rufe ƙwai daban. A ciki ruwa ne mai kauri na sinadarin furotin. Sai ya bi ta wani siririn bututu, ana tsotse masa ruwa, ana jan sa, ya fito a matsayin zare. Babu wuta, babu inji, babu hayaƙi.

Kuntner da Agnarsson sun haɗa kai da Todd Blackledge na Jami'ar Akron a jihar Ohayo ta Amurka, aka sa zaren gini na gizon Darwin a na'urar da ke jan abu har ya tsinke. A nan sai mun bambanta abu biyu da mutane ke haɗawa, ƙarfi da juriya. Wanda ya taɓa ɗaure bijimi a turke ya san wannan. Igiyar da ba ta ba da kai ko kaɗan, komai ƙarfinta, idan bijimin ya fizga da ƙarfi lokaci guda tana iya tsinkewa. Amma wadda ke da ƙarfi kuma tana ɗan miƙewa, sai ta shanye fizgar ta zauna lafiya. Juriya ita ce yawan bugun da abu zai iya shanyewa kafin ya katse. A ma'aunin da masana ke amfani da shi, matsakaicin abin da zaren gizon Darwin ya bayar 350 ne, wasu zaruruwan har 520. Wannan ya ninka na sauran gizo-gizai da aka auna a baya fiye da sau biyu, ya kuma ninka Kevlar fiye da sau goma. Kevlar shi ne zaren masana'anta da ake saƙa rigar kare harsashi da shi.

Ku lura da kyau, domin nan ne labari ke karkacewa idan ya shiga bakin mutane. Ba a ce zaren ya fi Kevlar ƙarfin ɗaukar nauyi sau goma ba. Sirrinsa shi ne yana da ƙarfi irin na 'yan uwansa, sannan yana miƙewa kusan ninki biyu na nasu kafin ya tsinke. A 2019 wasu masana a ƙarƙashin jagorancin Jessica Garb suka gano wani furotin na daban a cikin zaren, wanda suke ganin yana da hannu a wannan miƙewa, suka kuma lura cewa bututun da zaren ke bi a jikinta ya fi na sauran tsawo.

Na san akwai mai sauraron da zuciyarsa ta riga ta tafi ga Suratul Ankabut, sura ta 29 a Alƙur'ani mai girma, inda aka buga misali da raunin gidan gizo-gizo. Tafsiri na malamai ne, su za a tambaya. Abin da ido ke gani dai shi ne, zare daban, gida daban. Gidan nan ba ya kare mai shi daga rana, ba ya tare ruwan sama, ba ya ɓoye ta daga tsuntsun da zai cafke ta, kuma hannun yaro ƙarami ya isa ya share shi. Ita kanta gwanar Madagaska kullum cikin gyara take.

Zaman gidan ma ba na lumana ba ne. Namijin ɗan mitsitsi ne, kimanin milimita shida, jaja-jaja, kuma macen kan fi shi nauyi har sau 14. Yakan kusance ta a kan hatsari, domin wani lokaci takan cinye shi, shi ya sa yakan nannaɗe ta da zare kafin su sadu. Ga kuma 'yan cin arziki: wasu ƙananan gizo-gizai da wasu ƙudaje da ke zama a gefen saƙar suna lasar abin da ta kama.

Tambayar da kowa zai yi ita ce, tunda zaren ya kai haka, me ya hana a yi kiwonsu? An gwada, kuma a Madagaskan ma aka gwada, da wani gizo-gizon daban mai zare ruwan zinariya. Tun ƙarshen ƙarni na 19 wani limamin Kirista Bafaranshe, Paul Camboué, ya fara tatsar zarensu. A zamaninmu wasu mutum biyu, Simon Peers da Nicholas Godley, suka farfaɗo da aikin. Mutane da dama ne suka riƙa fita kowace safiya su kamo matan gizo-gizan, a zare musu zare, a mayar da su daji. Sai da aka yi shekaru, aka bi ta kan gizo-gizo sama da miliyan ɗaya, kafin a sami mayafi guda, wanda aka nuna a Niyok a 2009. A 2012 aka nuna wata alkyabba ta irin wannan zare a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, launinta na zinariya, ba a rina ta ba. Abin kallo ne, amma ba sana'a ba ce. Gizo-gizai ba sa zaman garke, idan aka tara su wuri ɗaya cinye juna suke yi. Shi ya sa masana suka koma ɗaukar ƙwayar halittar da ke sarrafa zaren suna sa ta a cikin bakteriya, har ma a cikin awaki don furotin ɗin ya fito a madara. Ana fatan samun zaren ɗinkin tiyata da kayan kariya marasa nauyi. An sami ci gaba, amma kwaikwayon abin da wannan ƙaramar halitta ke yi a bakin kogi har yanzu aiki ne ja.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Yanzu ga inda labarin ya yi nauyi. Rayuwar gizon Darwin ta rataya ne a kan abu biyu: bishiya a wannan gaɓa da waccan, da kuma ruwa mai tsabtar da ƙwari za su girma a ciki. A sare bishiyoyin bakin kogi, ba inda za ta kafa gada. A bar ƙasa ta zaizaye ta cika kogin da laka, ƙwarin su ragu. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya nuna Madagaska ta rasa kashi 44 cikin 100 na dajinta na asali tsakanin 1953 da 2014.

Abu ne mai sauƙi mutum ya zauna a ɗakin watsa shiri ya ɗora wa manomi laifi, amma ba adalci ba ne. Akwai noman da suke kira tavy, a sare daji a ƙona, a shuka shinkafa a kan tudu, bayan 'yan shekaru ƙasar ta gaji a matsa gaba. Akwai gawayin girki da birane ke sha. Kusan kashi uku cikin huɗu na mutanen ƙasar suna cikin talauci, kuma magidancin da ke da bakuna a gida ba za ka hana shi gona da labarin zare ba, sai ka nuna masa wata hanyar ci. Su kuwa masu manyan laifin ba su riƙe fartanya ba. Bayan rikicin siyasar 2009 aka yi ta sare itatuwa masu jan katako ba bisa ƙa'ida ba ana lodawa zuwa ƙasar Sin, irin abin da ya sami madobiya a Taraba. Wannan ta'asa ce ta sa a 2010 hukumar UNESCO ta saka dazuzzukan gabashin Madagaska, har da Ranomafana, cikin jerin wuraren gadon duniya da ke cikin haɗari. Shekarar da aka raɗa wa gizon suna, ita ce shekarar da aka yi shelar gidansa na cikin haɗari.

Gizo-gizai da aka rubuta sunayensu a duniya sun haura iri 50,000, kuma kowace shekara ana ƙara sababbi. Masana sun ƙiyasta cewa a shekara suna cinye ƙwari da ƙananan halittu tan miliyan 400 zuwa 800, cikinsu har da masu ɓarna a gona. Idan har mai saƙa mafi girma ta iya zama a sarari ba a rubuta ta ba sai 2010, nawa ne ƙanana da daji ke tafiya da su ba a taɓa jin sunansu ba? Kuma Afirka ta Yamma na cikin yankunan da ba a yi wa gizo-gizansu cikakken nazari ba.

Don haka kirana ga malaman kimiyya na makarantunmu, ku fitar da yara daga aji. Bayan damina, da sassafe, a gefen gona ko bakin fadama, za ku sami masu kewayayyar saƙa, dangin wannan na Madagaska. A bar saƙar yadda take, a ƙirga zaruruwanta, a auna faɗinta, a duba abin da ta kama, a rubuta a littafi da kwanan wata. Ku kuma ɗaliban ilimin halittu a jami'o'inmu da ke neman abin da za ku yi bincike a kai, ga fage nan a buɗe, kuma bai kamata kullum sai baƙo ya zo daga nesa ya rubuta mana abin da ke rataye a bakin koginmu ba.

Nan muka kawo ƙarshen shirinmu na yau. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)